Václav Klement

Václav Klement (1868–1938) ɗan ƙasar Cek ne, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin Laurin & Klement, wanda shi ne tushen kamfanin motoci na Škoda. An haife shi a garin Velvary na yankin Bohemiya, lokacin yankin yana ƙarƙashin daular Ostiriya-Hangari. Ya yi sana'ar sayar da littattafai a garin Mladá Boleslav.

A 1894 kekensa ƙirar Jamus ya lalace, sai ya rubuta wa kamfanin Seidel & Naumann wasiƙa da harshen Cek yana neman gyara. Amsar da aka ba shi ita ce ya rubuto da harshen da suke ji. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai. A 1895 ya haɗa gwiwa da makanike Václav Laurin, suka fara ƙera keke mai suna Slavia. Laurin ke riƙe da aikin ƙarfe, Klement kuma ciniki da neman kasuwa.

Gagarumar gudunmawarsu a fannin babur take. Sun sayo babur ƙirar Werner daga Faransa, wanda injinsa ke ɗore a saman tayar gaba. Nauyin da ke sama yana sa kan babur ya yi wuyar sarrafawa, ga saurin kifewa a kwana ko a kan hanya mai santsi. Har Laurin ya faɗi da shi ya rasa haƙori. Sai suka sauko da injin cikin firam, ƙasa-ƙasa tsakanin tayoyin biyu, suka kuma tattara abubuwan sarrafawa a hannun matuƙi. Babur ɗinsu ya fito a 1899, kuma a kan wannan tsari babura suka ɗore har yau.

Motarsu ta farko, Voiturette A, ta fito a 1905. Injinta mai silinda 2 ne, girmansa kimanin lita 1, ƙarfin doki 7, tana gudun kilomita 40 a awa.

Bayan gobarar da ta ci wani sashe na masana'antar a 1924, kamfanin ya haɗe da Škoda na birnin Plzeň a 1925. Klement ya rasu a Mladá Boleslav a 1938.