Ma'anar maikoraiza: fumfunar da ke taya gero neman ruwa

Duk wanda ya taɓa mance tuwo a rufe har kwana uku ya san fumfuna, farin zaren nan mai kama da auduga da ke lulluɓe shi. To, tana da dangi a cikin ƙasar gona, kuma su ba ɓarna ta kai su can ba. Su malaman gona ke nufi idan suka ce maikoraiza. Kalmar Girkanci ce, an haɗa "fumfuna" da "saiwa" wuri guda, kuma wani Bajamushe masanin tsirrai, Albert Frank, ya raɗa ta a 1885. Sunan zaman tare ne tsakanin saiwar shuka da fumfunar ƙasa.

Zaman kuwa na ban gishiri in ba ka manda ne. Fumfuna ba ta da ganyen da za ta haɗa abinci da hasken rana, don haka sai ta kutsa cikin saiwa ta riƙa karɓar sukari, wani lokaci har kashi ɗaya cikin biyar na abin da ganye ya samar. Ita kuma ta baza zarenta cikin ƙasa tana kwaso ruwa da sinadarai, musamman fosfaras. Mafi yawan tsirran duniya suna wannan ciniki, kuma ya haura shekara miliyan 400 ana yin sa.

Inda abin ya shafe mu a Sakkwato shi ne fari. Daminarmu ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ko a cikinta ruwa kan ɗauke mako biyu ko uku. Ka shiga gonar jigawa da hantsi ka tarar gero ya naɗe ganye, ka damƙi yashi ya zube ta tsakanin yatsu. Sai ka ce babu ko ɗigo. Akwai, amma ya maƙale a 'yan kafofin da saiwa ta yi wa kauri. Zaren fumfuna ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, shi ke shiga can, yana kuma kaiwa inda saiwa ba ta isa ba. Fosfaras ma da ma ba ya tafiya cikin ƙasa, balle ta bushe. Sai an je an same shi. Zaren kuma yana ɗaure yashi ya zama 'yan curi-curi masu riƙe laima. Kada dai a wuce gona da iri: fumfuna ba ta sa hadari, fari irin na 1973 ko 1984 ya fi ƙarfinta. Iyakarta ta taimaki shuka ta jure kafin ruwa ya dawo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne labarin ƙuduji, wanda wasu ke ce wa wuta-wuta. Idan gero ko dawa suka rasa fosfaras, saiwarsu kan fitar da wani sinadari wanda masu bincike a Japan suka gano a 2005 cewa yana kiran fumfuna. Ashe irin ƙuduji na kwance yana sauraro, da ya ji wannan kira sai ya tsiro ya kama saiwa. Ka kira aboki, ɓarawo ya amsa. Yana cikin dalilan da suka sa gajiyayyiyar gona ta fi cika da shi.

Wake, gyaɗa da masara duk suna wannan zama, amma ba kamar albasa ba. Tuge guda a fadamar Wurno ko Goronyo ka duba: saiwarta gajera ce, kusan babu reshe, shi ya sa ta dogara ƙwarai da fumfuna. Kabeji kuwa ba ruwansa da ita.

Ana sayar da irinta a leda a wasu wurare, sai dai sakamakon ba ya tabbata, kuma galibin gonaki da ma suna da tasu. Abin da ke rage ta shi ne kaftun tarakta mai zurfi da ke tsinka zaren, da barin fili fayau babu saiwa mai rai, tunda ba ta hayayyafa sai a jikin shuka. Haka in aka jibga takin fosfaras fiye da kima, shuka kan ga ta ƙoshi ta rage karɓar baƙuwar. Ɗan kaɗan da ake sa wa a gindin shuka a yashinmu bai kai nan ba.