Sirrin mai ciki da dokar hana tsangwamar masu HIV

A asibitoci da dama na Najeriya, idan aka gwada mace wajen awon ciki aka same ta da ƙwayar cutar HIV, ba magani kawai ake miƙa mata ba. Akan haɗa ta da wata mata wadda ita ma take ɗauke da cutar, ta sha magani, ta haihu, ɗanta ya fita lafiya. Wannan uwar ce za ta zame mata jagora: ta tuna mata ranar karɓar magani, ta nuna mata yadda ake ɗiga wa jariri nasa, ta matsa mata ta kai shi gwajin farko idan ya yi mako 6. In an daina ganinta a asibiti, ita ce mai bin sawu. Ƙungiyar mothers2mothers ta fara irin wannan aiki a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu a 2001, a nan gida kuma ƙungiyar mata masu ɗauke da cutar, ASWHAN, na cikin masu riƙe da shi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a ɗauki mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauki cutar daga uwa, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Da magani, adadin kan faɗo ƙasa da 5. To me ke raba mace da maganin da kyauta ake bayarwa? Yawanci tsoron kada maganar ta fita.

Nan dokar hana tsangwamar masu cutar HIV ta 2014 ta shigo, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Ta ce ba wanda ke da ikon bayyana matsayin wani ba tare da izininsa a rubuce ba. Wannan ya hau kan likita, da nas, da mai gwajin jini, da mai ajiye kati. Ya hau kan ita jagorar ma, kuma a ganina a nan nauyin ya fi yawa, domin ita ce ke shiga gida. Ita ta zaɓi ta bayyana nata da bakinta, amma hakan bai ba ta damar bayyana na wata ba. Shi ya sa mai hankali a cikinsu, in ta je gida ta tarar da kishiya ko uwar miji a tsakar gida, sai ta yi sallama a matsayin mai duba lafiyar jariri, ta bar sauran magana sai an shiga ɗaki. Kalma ɗaya da ta suɓuce gaban ’yan barka tana iya kashe aure.

Dokar ta kuma hana asibiti ƙin karɓar mace ko ƙin duba ta saboda tana da cutar. Makaranta ba za ta kori yaro ko ta ƙi ɗaukarsa a kan haka ba, kuma mai ɗaukar ma'aikata ba zai sa gwajin HIV ya zama sharaɗin ba da aiki ba. Wanda aka kama da laifin tsangwama yana fuskantar tarar da ba ta gaza naira 500,000 ba ko ɗauri, kamfani ko ma'aikata kuwa tararsu ta fi haka.

Sai batun miji, inda mutane suka fi ruɗewa. Dokar ta ba ma'aurata haƙƙin sanin matsayin juna idan ɗayansu yana ganin zai iya kamuwa. Wato sirrin da aka kare daga maƙwabta da dangi ba haka yake tsakanin mata da miji ba. Amma wannan haƙƙi na mijin ne, bai zama umarni ga jagora ta je ta fesa masa ba. Abin da aka saba yi shi ne a taimaka wa matar ta faɗa da kanta, ko a gayyaci mijin asibiti a gwada su tare gaban mai ba da shawara. Sau da yawa a nan ake gano shi ma yana ɗauke da ita bai sani ba, sai a sa su duka a kan magani.

Matar da aka tona wa asiri ko aka kora daga aiki tana iya shigar da ƙara a kotu, ko ta kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Jihohi da dama sun yi nasu dokokin irin wannan, don haka ya kamata a tambayi ofishin yaƙi da cutar na jiha wacce ke aiki a wurin. Matsalar ita ce shigar da ƙara na nufin ƙara bayyana kai, abin da matar ke gudu tun farko, shi ya sa wasu ƙorafe-ƙorafen ke bi ta hannun ƙungiyoyin masu cutar kamar NEPWHAN kafin a kai ga alƙali.