Jel ɗin filatilet a tiyatar ƙashi

Jel ɗin filatilet wani haɗi ne mai kauri da ake yi daga jinin majinyaci, a sa shi inda ƙashi ya karye ko inda aka yi dashen ƙashi, da nufin ya hanzarta haɗewa. Filatilet su ne ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan mutum ya yanke. A ɓargo suke samuwa, kuma kwana 7 zuwa 10 suke yi a jiki. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita (kashi ɗaya cikin miliyan na lita) ta jini.

Tarihi

Likitan Italiya Giulio Bizzozero ne ya fayyace aikin filatilet wajen daskarewar jini a 1882. An daɗe ana ganin nan aikinsu ya tsaya, kafin a gano suna ɗauke da sinadaran da ke umartar nama da jijiyoyin jini su tsiro. Wajajen farkon shekarun 1970, Helene Matras a birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya ta gwada manne rauni da gam ɗin fibirin, wanda shi ma daga jini ake samo shi, kuma ana ɗaukar aikinta a matsayin sharar fage.

Abin sha'awa shi ne, ba likitocin ƙashi ba ne suka fara riƙe jel ɗin hannu biyu, likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi ne. A 1997 wani likita mai suna Whitman da abokan aikinsa suka bayyana amfani da shi a Amurka. A 1998 Robert Marx na Jami'ar Miyami ya wallafa bincike kan mutum 88 da aka yi wa dashen ƙashi a muƙamuƙi, inda ya ce ƙashin waɗanda aka sa wa filatilet ya fi saurin nuna da ƙwari. Wannan rahoto ne ya ja hankalin likitocin ƙashi. Wajajen 2001 kuma Joseph Choukroun a Faransa ya fito da wata hanya mai sauƙi da ba a ƙara wa jinin komai.

Yadda ake haɗa shi

Ana ɗibar jini daga hannun majinyaci a zuba a kwalba mai maganin hana daskarewa, a sa a na'urar da ke wulwula shi da ƙarfi. Sai ya rabu hawa uku: ja a ƙasa, ruwa rawaya-rawaya a sama, da siririn farin layi a tsakiya, inda filatilet suka fi taruwa. Wannan ake zuƙewa, a ƙara masa kalsiyam da turombin, wato sinadaran da ke sa jini ya daskare. Nan da nan sai ya yi kauri kamar kokon da ya huce. Idan aka cuɗa shi da ɓarɓashin ƙashin da aka ciro daga ƙugu, yakan dunƙule kamar curin fura, likita ya ɗauka ya cike gurbi ba tare da ya warwatse ba. Ko wannan kaɗai amfani ne babba.

Saɓani

Ba a haɗu kan ingancinsa ba. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattarawa da tantance binciken likitanci, ta yi a 2012 ta ce hujja ba ta isa ba kan dogayen ƙasusuwa, wasu bincike kan haɗe ƙashin baya kuma ba su ga ƙari ba.

A Zariya

Karaya ba baƙuwa ba ce a Zariya, ga haɗarin babur, ga na hanyar Kaduna zuwa Kano. Da yawa sukan fara da maɗori, sai ƙashi ya ƙi haɗewa ko ya haɗe a karkace su nufi asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Irin wannan ƙashi mai taurin kai ake sa ran jel zai taimaka wa, kuma da yake jinin mutum ne da kansa, babu fargabar ɗaukar cuta daga jinin wani. Sai dai ba ya maye gurbin ƙarfen da ke riƙe ƙashi ya zauna daram, kuma idan wurin ya yi ruwa, dole a fara magance cutar kafin a yi maganar jel.