Fankar zuƙe iska ta banɗaki

Fankar zuƙe iska wata ƙaramar fanka ce da ake sawa a bango ko silin ɗin banɗaki, aikinta ta janye tururi da wari ta fitar dasu waje. In mutum yayi wanka da ruwan zafi tururin yakan kwanta a bango da madubi ya koma ruwa, in abin ya daɗe sai kaga fenti yana ɓarewa, fumfuna ya fito a lungu, ƙofar katako ta kumbura.

Ana auna ƙarfinta da yawan iskar da take ja. Dokar gini ta Ingila ta ce a ƙalla lita 15 a daƙiƙa ɗaya, wato kubik mita 54 a awa, a Amurka kuma kubik ƙafa 50 a minti ɗaya. Amma fa lambar da ke jikin kwali an auna ta ne ba tare da dogon bututun da ke kai iskar waje ba, anan ne da yawa suke yin asara. Wadda tafi yawa a kasuwa itace mai fukafukai irin na fankar ɗaki, tana da araha kuma tana aiki sosai in bangon waje ne kawai zata huda, amma da zarar ka haɗa mata bututu mai tsawo da lanƙwasa biyu ko uku to sai dai ƙara kawai zaka riƙa ji, iskar bata zuwa ko ina. Irin wannan wajen sai mai ganga a ciki wadda ke tura iska da matsi, ko wadda ake ɗaurawa a tsakiyar bututu can saman silin, ita wannan tafi shiru ma.

Bututun yawanci milimita 100 ne, inci 4 kenan, kuma mai tauri yafi mai lanƙwasuwa saboda cikinsa sumul yake. Dole ya fita har waje, wasu masu aiki suna barinsa ya ƙare cikin silin don gudun wahala, gaskiya wannan ha'inci ne, danshin zai je ya ci katakon rufi. A ɗan karkatar dashi ƙasa ta wajen fita don ruwan da ya taru kar ya dawo cikin moto, a sa masa murfi mai buɗewa ta gefe ɗaya saboda iska da ƙwari.

Sai hanyar shigar iska, wadda ake yawan mantawa da ita. Fanka bata iya fitar da abinda bai shigo ba, shiyasa ake barin tazarar kamar milimita 10 a ƙasan ƙofa, kuma a sa fankar a sama kusa da shawa, nesa da ƙofa.

Ruwa da wuta basa shiri, don haka wadda zata zauna kusa da shawa ta zama mai lambar IPX4 (alamar tana jure fantsamar ruwa) ko sama, ko mai bolt 12, kuma ƙwararren mai aikin wuta ne zai haɗa wayoyin bayan an kashe wutar daga babban layi. Banɗakin da ba taga gara mai taima, tana ci gaba da juyawa kamar minti 15 bayan an kashe ƙwan fitila, akwai ma mai sansano danshi ta tashi da kanta.