Tace Manganis Daga Dutsen Ma'adini Da Sharar Masana'antu

Manganis ƙarfe ne mai lamba 25 a jadawalin sinadarai, wanda masani ɗan ƙasar Suwidin, Johan Gottlieb Gahn, ya fara ware shi a shekarar 1774. Mafi yawan abin da ake haƙowa masana'antun ƙarfe ne ke cinye shi domin ƙara wa ƙarfe ƙarfi, sauran kuma ana yin batir da takin zamani da shi. Afirka ta Kudu ce kan gaba wajen haƙarsa, sai Gabon da Ostareliya.

Wahalar tace shi ita ce, baƙin dutsen da ya fi ɗauke da shi, wato fairolusait, ba ya narkewa cikin asid ɗin farar wuta, irin na ruwan batir, sai an rage masa iskar oksijin. An saba yin haka ta hanyar gasa dutsen da kwal a wuta mai tsananin zafi, aikin da ke cin makamashi ƙwarai, har ya sa dutsen da manganis ɗinsa bai da yawa ba ya biyan kuɗin wahalarsa.

A nan ne sharar masana'antu ke da amfani. Ruwan asid da aka wanke tsatsar ƙarfe da shi, wanda zubar da shi ke gurɓata rafuka, yana ɗauke da narkakken ƙarfen da ke janye oksijin daga dutsen ba tare da gashi ba. Haka ma hayaƙin farar wuta da ke fita daga matatun ma'adinai: idan aka bi da shi ta cikin niƙaƙƙen dutse da aka dama da ruwa, manganis zai narke, hayaƙin kuma ya tsarkaka. An kuma gwada garin katako, totuwar masara da ragowar ruwan rake na masana'antar sukari, kuma sun yi aiki. Bayan narkewar, ana zuba farar ƙasa domin baƙin ƙarfe ya kwanta, a tace, sannan a fitar da manganis da wutar lantarki. Laka mai yawa da ke saura ita ce babbar matsalar hanyar, domin dole a sama mata mazubi mai aminci.

Wannan fasaha ta dace da Najeriya, inda aka samu manganis a Tudun Kudu ta Jihar Kaduna. A Jos, garin da ya ginu a kan haƙar kuza, akwai Cibiyar Bunƙasa Fasahar Ƙarafa ta Ƙasa mai binciken tace ma'adinai, ga kuma garin katakon da ke taruwa kullum a Kasuwar Katako, wanda ya cancanci a gwada shi a wannan aiki.