Tarewa

Tarewa ita ce komawar amarya gidan mijinta bayan an ɗaura aure, domin su fara zama tare. A wurin Hausawa ɗaurin aure daban, tarewa daban. Ana iya shafa fatiha yau a masallaci, amarya ba ta tare ba sai bayan mako guda, ko wata shida, ko ma shekara, idan tana karatu ko ango bai gama gini ba. A cikin wannan tazara ne dangin ɓangarorin biyu suke daidaita inda za a zauna, da waɗanda za a zauna da su, da abin da matar za ta ajiye na aiki ko karatu kafin ta shiga ɗaki.

A Turai da Amurka, idan ana maganar zama tare, yawanci saurayi da budurwa ake nufi, waɗanda suke shawarar haɗa gida ba tare da aure ba. A Kaduna, garin da wannan bayani ya fi dubawa, sunan wannan zaman dadiro, kuma masallaci da coci duk sun yi tir da shi. Akwai masu yi, amma a ɓoye. Saboda haka gardamar da ake yi a fili kan 'yancin mace da wurin zamanta a cikin aure take, ba a wajensa ba.

Gida na miji, ɗaki na mata

Ƙa'idar da aka gada ita ce mace ke bin miji. Shi zai samar da muhalli, iyayenta kuma su cika shi da gado da katifa da kujeru da kwanuka. Kwana ɗaya ko biyu kafin kai amarya, 'yan'uwanta mata sukan je su yi jere, daga baya a kai gara. Harshe ma ya riƙe wannan rabo: namiji shi ne mai gida, mace kuwa ana cewa tana ɗakinta, har ana yi wa 'yan mata huɗuba da cewa darajar mace ɗakin mijinta. Sai dai kayan da ke cikin ɗakin nata ne, kuma ranar da aure ya mutu, mota ake kawowa a kwashe su.

A ƙauye, amarya takan tare a gidan gandu, inda surukai da facaloli suke. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ya rubuta cewa mutanen wurin sun kasa aure gida uku ta fuskar fitar mace: auren kulle, auren tsare, wanda matar ke ɗan fita, da abin da suke kira auren jahilai, wanda matar ke zuwa gona da rafi. Birnin Kaduna bai taso a kan wannan tsari ba. Gari ne na ma'aikata, wanda Turawa suka mayar hedikwatar Arewa a 1917 bayan sun baro Zungeru, sannan ya cika da sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da malaman ofis, daga baya kuma da ma'aikatan masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957. Baƙo ba shi da gidan gado, don haka amarya a Tudun Wada ko Kawo ko Rigasa ta fi tarewa a gidan haya, ciki ɗaya ko ciki da falo. Ta tsira daga idon uwar miji, amma ta rasa mai riƙe mata yaro, kuma kuɗin haya ya zama abin da ke sa a ɗaga ranar tarewa.

Abin da fiƙihu ya tanada

Musulmin Kaduna a kan mazhabar Malikiyya kotunansu suke hukunci, kuma a nan muhalli haƙƙin mace ne a kan miji, tare da ci da sha da sutura. Malamai sukan kafa hujja da aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ, wadda ta umarci maza su zaunar da mata a inda suke zaune gwargwadon halinsu. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantun zaure, ta ɗaure wajibcin ciyarwa da tarewa: ba ya hawa kan miji sai ya sadu da matar, ko an kira shi ya zo ya ɗauki matarsa. Ke nan jinkirin da ya fito daga gidan amarya da wanda ya fito daga wurin ango ba hukuncinsu ɗaya ba.

Akwai wasu hukunce-hukuncen da al'ada ta danne har mata da yawa ba su san da su ba. A asali mace tana da damar ƙin zama gida ɗaya da dangin miji, musamman in ana cutar da ita, kuma ba a haɗa kishiyoyi a mazauni ɗaya sai da yardarsu. Dukiyarta tata ce, albashi ne ko gado ko ribar sana'a, ba a tilasta mata ta sa a cefane, ko da yake Malikiyya sun ce ba za ta yi kyautar abin da ya wuce sulusin dukiyarta ba sai da izinin miji.

Inda aka fi samun saɓani shi ne sharaɗi. Iyaye da yawa sukan ce sun ba da 'yarsu a kan za ta ƙarasa karatu, ko ba za a fitar da ita daga gari ba. Malaman mazhabar Hambaliyya suna ganin irin wannan sharaɗi ya zama dole a cika. Malikiyya kuwa suna ganin cikawar abin so ce kawai, sai in an ɗaure sharaɗin da rantsuwar saki ko an mallaka wa matar ikon sakin kanta idan aka saɓa. Alkawarin baka da aka yi a zaure ranar neman aure, wanda kowa ya ce "ai ba komai", shi ne ya fi saurin warwarewa bayan an tare.

Auren da ba a zaune tare

Ba yau aka fara aure kowa yana gidansa ba. Hausawa sun san auren ɗauki-sandarka, inda mace, galibi bazawara mai 'ya'ya ko mai gidan kanta, take zaune a inda take, miji ya riƙa zuwa. Ɗan cirani da fatake su ma sukan bar iyali watanni. Amma namijin da ya tare gaba ɗaya a gidan matarsa ba ya tsira daga baki, mijin Hajiya ake ce masa.

Abin da ya ƙaru a wannan zamani shi ne aikin albashi. Tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a Disamba 1991, ma'aikata da dama suka zaɓi barin iyali a Kaduna, inda haya da makaranta suka fi sauƙi, su riƙa dawowa ƙarshen mako. Jirgin ƙasan Rigasa zuwa Idu ta Abuja da aka buɗe a Yuli 2016 ya sauƙaƙa wannan zirga-zirga, harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris 2022 kuma ya tsayar da shi har Disamban shekarar. Ba wanda ke ganin laifin namijin da aiki ya raba da gida. Idan matar ce aka yi wa canjin wurin aiki, ko ta samu gurbin karatu a Zariya, nan ne surutu ke tashi. Hukumar bautar ƙasa ma a kan wannan fahimta take tafiya: matar aure ce ake ba damar a mayar da ita jihar da mijinta yake.

Muhawarar 'yancin mata

Jihar Kaduna ta daɗe da wannan gardama. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka aurar tana da shekara 13, ta yi gwagwarmaya a jam'iyyar NEPU kan auren wuri da 'yancin mata na jefa ƙuri'a. An kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna a 1963. Ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WIN ta samo asali daga wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello a 1982, FOMWAN kuma, gamayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, aka kafa ta a Minna a 1985, ta ɗauki hanyar neman haƙƙin mata daga cikin Musulunci.

Bambancin hanyoyin nan biyu yana nan har yanzu. Masu rajin daidaiton mata da maza, waɗanda ake kira 'yan feminis a Facebook, suna tambayar dalilin da zai sa kullum mace ce mai ajiye aiki ta bi miji. Wasu matan kuma, musamman malaman Islamiyya, suna cewa ba sabon haƙƙi suke nema ba, wanda shari'a ta riga ta ba su ne aka hana su. Masu suka suna ganin duk abin shigo-da-shi ne daga Yamma. Kalmar 'yanci ita kanta tana da nauyi a kunnen Bahaushe, domin "mai zaman kanta" ba yabo ba ne, sunan sakaye ne na karuwa. Shi ya sa ma'aikaciyar da ba ta da aure, ko da likita ce, takan sha wuya kafin mai gidan haya ya yarda ya ba ta ɗaki.

A gaban kotu

Tun 2001 jihar ke da kotunan shari'ar Musulunci da na gargajiya, ƙari a kan na majistare da babbar kotu. Ƙarar rashin muhalli ko ƙin tarewa tsakanin Musulmi kotun shari'a ake kai ta, kuma alƙali yakan fara da neman sulhu ta hannun waliyyai. Masu auren rajista, waɗanda yawancinsu Kiristoci ne, dokar shari'o'in aure ta tarayya ta 1970 ce ke kansu: zaman shekara uku a rabe hujja ce ta raba aure, ko shekara biyu idan ɗayan bai ƙi ba. A ɓangaren Musulmi, ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda, amma abin da aka saba gani shi ne ta tafi gidan iyayenta a ranar da aka miƙa mata takarda.