Motar Gida ko ta Waje: Abin da Umarni Mai Lamba 003 Ya Tanada

Wanda ya yi wayo a Kaduna kafin 1990 ya san zamanin da Fijo 504 ce motar gwamnati. A Kakuri ake harhaɗa ta, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, kuma Allah kaɗai ya san yawan gidajen da tukunyarsu ke tafasa da albashin wurin. A lokacin Bauchi na da kamfanin Steyr mai harhaɗa manyan motoci da taraktoci, Kano ma na da nata kamfanin manyan motoci. Abin da ya riƙe su ba ɓoyayye ba ne: gwamnati ce babbar mai saye. Da ta juya musu baya, darajar naira ta faɗi, 'yan Kwatano suka cika kasuwa, sai injuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ɓarakar ce aka so a ɗinke ranar 18 ga Mayu, 2017, lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan umarni mai lamba 003.

Umarnin ya ce duk ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya su fifita kayan da aka yi a Najeriya idan za su yi sayayya. Ya jero kaya iri takwas, cikinsu har da kayan sarki da takalma, magunguna, kujeru da tebura, kayan gini, da kuma motoci. Aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin da za a kashe a kan waɗannan kaya dole ya tafi ga na gida. Wato cikin kowace naira 100, naira 40 ta tsaya a hannun masana'antun ƙasar nan. Haka kuma duk takardar neman 'yan kwangila sai an rubuta wannan fifiko ƙarara a cikinta, don kada a ce ba a sani ba.

Mutane da yawa sun ɗauka an hana su sayen motar waje ne. Ba haka ba ne. Umarnin bai shafi ɗan kasuwa ko malamin makarantar da ya yi shekara biyar yana adashi don ya sayi tsohuwar Corolla ba. Bai ɗaure gwamnatocin jihohi ba, kuma Majalisar Tarayya ɓangare ne mai cin gashin kansa. A 2023, da majalisar ta saya wa 'ya'yanta manyan motocin waje, an yi ta surutu, amma ba a fasa ba. Ni dai abin ya dame ni ƙwarai, domin cinikin ɗaruruwan motoci a lokaci guda shi ne irin wanda ke sa masana'anta ta ɗauki sababbin ma'aikata.

Talaka kuwa ta wajen kuɗin fito ake taɓa shi. Tsarin bunƙasa masana'antar motoci na zamanin Goodluck Jonathan ya ɗora kashi 35 na fito da wani kashi 35 na ƙarin haraji a kan motar da aka shigo da ita a haɗe, yayin da sassan da za a harhaɗa a nan ke shigowa da sauƙi. Daga 1 ga Janairu, 2017 kuma aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar ruwa. Dillalan da suka saba bi ta Maraɗi su ɓullo Jibiya sun ji a jikinsu. Sai kuma dokar kuɗi ta 2020 ta sauke ƙarin harajin zuwa kashi 5. Masu saye sun yi murna, masu harhaɗawa suka ce an yi musu sakiyar da ba ruwa, tunda sun zuba jari ne bisa alkawarin kariya.

Akwai tambayar da ya kamata a riƙa yi: mece ce motar gida? Wata a akwati take zuwa kusan a gama, a nan tayoyi da kujeru kawai ake ɗaurawa. Wata kuwa a nan ake walda jikinta, a yi mata fenti. Umarnin yana auna kayan gida ne da yawan ma'aikata da kayan aikin ƙasar nan da suka shiga cikin abin. Innoson a Nnewi da Dangote Peugeot a Kaduna suna cikin masu fito da motoci yanzu, kuma amfaninsu ga tattalin arziki zai ƙaru gwargwadon yawan batir, gilashi da tayar da za su riƙa samu a gida. Bakanike a gareji shi ma yana da tasa tambayar, wadda mai saye ke fara yi masa: in ta lalace, akwai kayan gyaranta a kasuwa?

Raunin umarnin shi ne ba dokar majalisa ba ce, wani shugaban zai iya soke shi da alƙalami. An kai ƙudurin dokar masana'antar motoci gaban Shugaba Buhari, ya ƙi sa hannu a 2019. A Mayun 2025 gwamnatin Tinubu ta fito da manufar fifita Najeriya, wadda ta ce hukumar da ke son sayen kayan waje alhali akwai irinsu a gida sai ta kawo hujja, ta kuma samu rubutaccen izini daga hukumar kula da sayayyar gwamnati, wato BPP.